Darasi A Kan Wakilin Intanet: Yadda Ake Nuna Wa Kwamfutocin Ofis Hanyar Fita Gaba Ɗaya

An shirya wannan darasi ne domin ma'aikatan da aka danƙa wa kula da kwamfutoci a ofisoshi da makarantu da asibitoci, da kuma shugabanninsu, waɗanda ko da ba su taɓa na'urar da hannunsu ba, su ne za a tambaya ranar da aiki ya tsaya. Abin da za mu yi magana a kai shi ne yadda ake nuna wa kwamfutoci masu yawa hanyar da za su bi su fita intanet, ba tare da an bi su ɗaya bayan ɗaya ba.

Mene Ne Wakili?

A manyan ofisoshi da yawa ba a barin kowace kwamfuta ta fita intanet da kanta. Akan ajiye wata na'ura guda a tsakani, kamar yadda masinja ke zaune a bakin ofis: mai son aika takarda ya ba shi, shi ya kai, shi kuma ya karɓo amsa. Wannan na'ura ita ce Turawa ke kira furoksi, watau wakili, kuma da wannan suna za mu riƙa kiranta. In akawu ya buɗe burauza, watau manhajar da ake duba shafunan intanet da ita, irin su Chrome ko Edge ko Firefox, ya nemi wani shafi, buƙatarsa wurin wakili za ta fara zuwa. Wakili ya duba ko an yarda a je wannan wuri, in an yarda ya je ya ɗauko ya miƙa masa.

Da wannan dabara hukumar ofis takan iya toshe shafunan 'yan damfara da masu yaɗa cutar kwamfuta a wuri guda, ta kuma san inda kuɗin intanet ɗinta ke tafiya. A da akwai wani amfani babba, shi ne wakili yakan ajiye abin da ya ɗauko wa mutum na farko, in na biyu ya nema sai ya ba shi daga rumbu. Wannan amfani ya ragu ƙwarai, gama yawancin shafuna yanzu a kulle suke tafiya, su ne waɗanda adireshinsu ke farawa da https, wakili kuwa sunan gidan da za a je kaɗai yake gani, ba ya ganin abin da ke cikin ambulan.

Kowane wakili yana da adireshi da lambar ƙofa. Alal misali adireshin ya zama 10.0.0.5, ƙofar kuwa 3128, wadda ita ce ƙofar da manhajar Squid ke saurare a kai in ba a sauya mata ba. Waɗansu sukan yi amfani da 8080. Burauzar da ba ta san waɗannan lambobi ba, ba ta san hanya ba ke nan.

To, wa zai gaya mata? A ce ofis yana da kwamfuta 300, kuma ma'aikaci yana ɓata minti 5 a kan kowace, ya zauna, ya buɗe, ya rubuta lambobin, ya tashi. Minti 1,500 ke nan, watau awa 25, ban da hawa bene da jiran wanda ya kulle ɗakinsa ya tafi da mabuɗi. Sa'an nan ranar da aka sauya wakili sai a sake wannan zagaye tun daga farko. Cikin 300 ɗin nan kuwa da wuya a rasa inda hannu ya zame aka rubuta 3182 a maimakon 3128.

Garke Da Dokar Rukuni

Maganin wannan wahala ya daɗe. Tun da Windows 2000 kamfanin Microsoft ya fito da tsarin da ake kira Active Directory, inda ake haɗa kwamfutocin ma'aikata ƙarƙashin kulawa guda. Kwamfutocin da aka haɗa haka mu kira su garke, na'urar da ke riƙe da sunayensu da dokokinsu kuwa uwar garke. Tare da shi aka zo da Group Policy, wanda za mu kira Dokar Rukuni. Mai kula ya rubuta doka sau ɗaya a kan uwar garke, ya ɗaura ta a kan rukunin da yake so, ko sashen kuɗi, ko ɗakin karatu, ko ma'aikata duka. Kowace kwamfuta takan karɓi dokokinta sa'ad da aka kunna ta, dokokin mutum kuwa sa'ad da ya shiga da sunansa. Bayan haka takan koma ta sake tambaya kowane minti 90, da ƙarin jinkirin da bai wuce minti 30 ba, wanda aka sa don kada duka su taru wa uwar garke a lokaci guda.

Mai sayen kaya wa ofis ya lura da abu ɗaya tun a kasuwa: Windows irin ta gida, wadda aka rubuta wa Home, ba ta shiga garke. Sai Pro, ko Enterprise, ko Education. Kwamfutar da ba ta cikin garke, Dokar Rukunin da aka rubuta a kan uwar garke ba ta kai gare ta.

Yanzu sai tambayar da ita ce cibiyar wannan darasi: me za a rubuta cikin dokar?

Abin da ke fara zuwa zuciyar kowa shi ne a rubuta adireshin wakili da lambar ƙofarsa kai tsaye, a haɗa da jerin wuraren cikin gida da ba sa bukatar wakili. Wannan yana aiki, kuma ga ɗakin da kwamfutocinsa ba sa motsi, kamar ɗakin jarrabawa, ba laifi. Amma yana da aibi biyu. Na farko, wakili ɗaya kaɗai ake iya ambata, in ya faɗi kowa ya faɗi. Na biyu ya fi ciwo. Ma'aikacin da aka ba kwamfutar tafi-da-gidanka ya ɗauke ta ya tafi taro a wani gari, ya haɗa ta da intanet ɗin masauki, burauza kuwa ta dage sai ta sami 10.0.0.5, alhali wannan adireshi na cikin gida ne, ba ya nan a waje. Ba shafin da zai buɗe. In kuma an kulle wurin gyaran, kamar yadda ya kamata a kulle, ba shi da ikon taimakon kansa.

Takardar Jagora

Shawarar da muke bayarwa ita ce kada a rubuta wakili cikin kowace kwamfuta. A rubuta mata inda za ta je ta tambaya kawai. Amsar kuwa a ajiye ta wuri guda, cikin ɗan fayil da ake kira PAC, wanda za mu kira takardar jagora. Kamfanin Netscape ne ya ƙago shi a 1996 domin burauzarsa Navigator 2.0, har yau kuwa manyan burauzoji duka suna karanta shi. Da harshen JavaScript ake rubuta shi, amma kada wannan ya tsorata kowa, gama na ofis matsakaici bai wuce 'yan layuka ba. Ga misali:

function FindProxyForURL(url, host) {
  if (isPlainHostName(host) || dnsDomainIs(host, ".ofis.internal"))
    return "DIRECT";
  return "PROXY 10.0.0.5:3128; PROXY 10.0.0.6:3128";
}

Ga fassararsa. Duk sa'ad da burauza za ta nemi wani shafi sai ta miƙa wa wannan takarda sunan gidan. In sunan guntu ne marar ɗigo, kamar na'urar albashi da ake kira da suna ɗaya, ko kuwa ya ƙare da sunan garken ofis, amsa ita ce a tafi kai tsaye, tun da yake ba a aiken masinja daga ɗaki zuwa ɗaki. In ba haka ba, a bi ta wakili na farko, in bai amsa ba a koma na biyu. Sunan da muka sa a misali ba na kowa ba ne: a 2024 hukumar ICANN, mai kula da sunayen intanet, ta keɓe ƙarshen suna .internal domin amfanin cikin gida kaɗai.

Mai karatu ya dubi abin da aka samu. Ranar da aka sayi sabon wakili, layi ɗaya za a gyara. In an buɗe reshe a wani gari mai nasa wakilin, sharaɗi ɗaya za a ƙara. Kwamfutar da ta fita daga ofis kuwa, in ta nemi takardar ba ta same ta ba, bisa al'ada burauza takan haƙura ta tafi kai tsaye, mai tafiya ya yi aikinsa a masauki, ya dawo ofis ta koma bin wakili ba tare da ya taɓa kome ba.

Akwai wurin da masu wannan aiki suke saɓani, shi ne ko a ƙara kalmar DIRECT a ƙarshen layin wakilai, don in duka biyu sun faɗi mutane su fita kai tsaye. Masu so sun ce aiki ba zai tsaya ba. A ganinmu, a ofishin da aka sa wakili domin tsaro bai kamata a ƙara ba, domin ranar da wakili ya faɗi ita ce ranar da kowa zai fita ba mai dubawa, kuma ba wanda zai kawo ƙara balle a san ya faɗi. Gara a ji kuka a tashi a gyara. Amma wurin da aka sa wakili don rage kuɗi kawai, ƙarawar ba ta da illa.

A kiyaye waɗansu abubuwa wajen rubutun. Burauza tana gudanar da wannan takarda a kan kowace buƙata, shafi guda kuwa yakan ƙunshi buƙatu da dama, saboda haka duk nauyin da aka sa mata sai ya ninku. Umarni irin su dnsResolve da isInNet, in an ba su suna, sukan tsaya su tambayi littafin sunaye na DNS kafin su amsa, in littafin ya yi jinkiri sai kowane shafi ya yi jinkiri, mutane su ce intanet ba ƙarfi alhali laifin takarda ne. A gina sharuɗɗa a kan sunan gida, kada a gina su a kan dogon adireshin da ke bayansa, gama burauzoji na yanzu sukan yanke wannan wutsiya daga adireshin https kafin su nuna wa takardar. Sa'an nan kuskuren baka ɗaya ko waƙafi ɗaya ya isa ya lalata takardar duka, burauza kuwa ba ta cika faɗin dalili ba.

Ita takardar a ajiye ta a kan na'urar da ke ba da shafuka a cikin gida, a ba ta adireshi kamar http://jagora.ofis.internal/wakili.pac, a kuma sa na'urar ta riƙa bayyana nau'inta da application/x-ns-proxy-autoconfig. Kada a kwafa ta cikin kowace kwamfuta, don yin haka komawa gidan jiya ne. Na'urar da ke riƙe da ita lalle ta kasance cikin waɗanda ba sa mutuwa in an ɗauke wuta, kuma kada a ba kowa ikon gyara fayil ɗin sai mutum biyu ko uku da aka sani. Wanda ya mallaki wannan takarda ya mallaki hanyar kowa.

Rubuta Dokar

Sunayen da za mu ambata a nan mun bar su yadda suke a fuskar na'ura, don mai nema ya same su. A cikin Group Policy Management a ƙirƙiri sabuwar doka, a ba ta suna mai ma'ana, kada a cusa wannan al'amari cikin babbar dokar garke ta asali. A shiga User Configuration, sai Preferences, sai Control Panel Settings, sai Internet Settings. Wannan sashe na Preferences da Windows Server 2008 ya zo. Tsofaffin littattafai suna koyar da wata hanya mai suna Internet Explorer Maintenance. A bar ta, ta daina aiki tun fitowar Internet Explorer 10 a 2012.

Wani zai ce, ai Internet Explorer kanta Microsoft ya janye tallafinta ranar 15 ga Yuni 2022, me ya haɗa mu da ita? Amsa ita ce burauzar ta tafi amma ma'ajiyar saitinta tana nan, ta zama ta Windows gaba ɗaya, kuma daga nan Edge da Chrome ke karanta hanyarsu in ba a ba su wata doka dabam ba.

A wannan fuska akwai tarkon da ya kama mutane da yawa. Ƙarƙashin kowane gurbi akwai layi, ko kore ko ja mai ɗigo-ɗigo. Gurbin da ke da jan layi, ko me aka rubuta a ciki, ba za a aika da shi ba. Maɓallin F6 ke mai da gurbin da aka zaɓa kore, F7 ya mai da shi ja, F5 ya kunna duka, F8 ya kashe duka. Mutum ya rubuta adireshi daidai, ya jira awa biyu, ya ga ba abin da ya sauya, ya yi ta zargin uwar garke, ashe jan layi ne.

Saboda wannan tarko waɗansu sun fi son su rubuta kai tsaye cikin rajistar Windows ta sashen Registry na Preferences. Wurin shi ne HKEY_CURRENT_USER\Software\Microsoft\Windows\CurrentVersion\Internet Settings. A nan AutoConfigURL ke riƙe da adireshin takardar jagora. ProxyServer da ProxyOverride su ne na mai rubuta wakili kai tsaye, ProxyEnable kuwa 1 ne in an kunna wannan, 0 in an kashe. Wannan hanya ta fi fitowa fili, gama abin da ka rubuta shi za ka gani.

A lura cewa duk wannan na mutum ne, yana bin sunansa duk kwamfutar da ya zauna. A ɗakin karatu, inda ɗalibai da yawa ke karɓa-karɓa a kan na'ura guda, ya fi kyau saitin ya zama na na'urar. Akwai doka domin haka a ƙarƙashin Computer Configuration, wadda sunanta ya fara da Make proxy settings per-machine. Sa'an nan a kunna Prevent changing proxy settings, don kada mai ƙaramin sani ya shiga ya sauya.

Firefox tana da nata hali. Takan bi saitin Windows in ba a taɓa ta ba, amma tana da nata wurin gyara, wanda kullen da muka ambata bai shafa ba. Tun fitowa ta 60, a 2018, kamfanin Mozilla ya ba da hanyar yi mata doka, ko ta Dokar Rukuni bayan an ɗora samfuran da suka tanada, ko ta fayil mai suna policies.json cikin jakar distribution. A dokarta ta Proxy a sa Mode ya zama autoConfig, a ba da adireshin takardar, a sa Locked. Chrome da Edge su ma suna da doka mai suna ProxySettings ga wanda ke son ɗaure su dabam. Kwamfutocin Apple da na Linux Dokar Rukuni ba ta hukunta su kai tsaye, suna da nasu hanyoyin, amma burauzojinsu na iya karanta takardar jagora guda ɗin nan.

Saura wani ɓangare da akan manta. Windows tana da ayyukan da ke gudana a ɓoye ko ba wanda ya shiga, su kuwa da yawansu ba sa duba saitin mutum, wata ma'ajiya suke dubawa mai suna WinHTTP. Umarnin netsh winhttp show proxy zai nuna abin da ke cikinta, netsh winhttp set proxy kuma ya rubuta. In an ga burauza tana aiki lafiya amma na'ura ta yi watanni ba ta karɓi gyare-gyaren tsaro ba, nan za a fara dubawa.

Neman Wakili Da Kai, Da Haɗarinsa

Akwai hanya ta uku, wadda ba ta bukatar doka ko kaɗan, ana kiranta WPAD. A 1999 waɗansu kamfanoni, cikinsu har da Microsoft da Sun, suka gabatar da ita, ta kuma shigo cikin Internet Explorer 5. Ita ce ke bayan ɗan akwatin nan da aka rubuta wa Automatically detect settings, wanda Windows ke zuwa da shi a kunne. Kwamfuta takan tambayi mai rabon adireshi, watau DHCP, ta zaɓi mai lamba 252, ko yana da labarin takardar jagora. In babu, sai ta nemi wata na'ura mai suna wpad a littafin sunaye, ta roƙe ta fayil mai suna wpad.dat.

Abin da daɗin ji, baƙo ma ya shigo da kwamfutarsa ta sami hanya da kanta. Amma a duba da kyau: wannan kamar baƙo ne ya tsaya tsakiyar kasuwa yana kira, wane ne masinjan gidan nan? Duk wanda ya riga amsawa shi za a miƙa wa wasiƙu. Wannan kuwa ya faru. Cutar kwamfutar nan mai suna Flame, wadda aka gano a 2012, galibi a Iran da ƙasashen Gabas ta Tsakiya, takan sa na'urar da ta kama ta amsa da sunan wpad, maƙwabtanta su ɗauke ta wakili, ita kuwa ta ba su kanta da sunan gyaran Windows, da takardar shaida ta jabu.

Har wa yau akwai wata ɓaraka a yadda ake neman sunan. Kwamfuta takan fara da cikakken sunan garkenta, in ba ta samu ba ta yanke gaɓa ɗaya ta sake nema, tana hawa sama. In ba ta san inda za ta tsaya ba, sai ta fita daga gidan ofis ta kai ga sunan da wani can a waje ya yi wa rajista. A ƙarshen 2007 Microsoft ya fitar da gargaɗi a kan haka, game da garken da sunansu ke da ƙarshe mai gaɓa biyu. Sunayenmu na Nijeriya masu ƙarewa da com.ng da gov.ng irin wannan siga gare su, saboda haka masu tsofaffin na'urori su kula. A watan Mayu 2016 kuma hukumar US-CERT ta Amurka ta yi gargaɗi cewa tambayoyin wpad na fita daga kwamfutocin ma'aikata zuwa intanet, musamman in an fita da su daga ofis, inda mai mugun nufi zai iya sayen sunan da ya dace ya zauna jira. Ba banza ba tun Windows Server 2008 littafin sunaye na Microsoft yake ƙin amsa sunan wpad sai mai kula ya cire shi daga jerin hani da hannunsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ofishin da ke da Dokar Rukuni ba shi da bukatar wannan kira a kasuwa: a kashe akwatin nan cikin dokar, a ba da adireshin takarda a fili.

Yadda Za A Bi Da Aikin

Dokar da ke gyara kwamfuta 300 a tashi ɗaya, ita ce kuma ke iya ɓata 300 a tashi ɗaya. Don haka kada a ɗaura sabuwar doka a kan garke duka ranar farko. A ware ƙaramin rukuni na gwaji, a sa masa kwamfutoci kaɗan masu hali dabam dabam: ta tebur, ta tafi-da-gidanka, ta sashen kuɗi mai shiga shafin banki, da wadda ke da tsohuwar manhajar da ba wanda ya tuna wa ya sa ta. A kan kowace a buga gpupdate /force don ta karɓi doka nan take, sa'an nan gpresult /r don a ga ko dokar tana cikin waɗanda suka hau. A burauza kuma a rubuta chrome://policy, ko edge://policy, ko about:policies a Firefox, a ga dokokin da aka ɗaura mata ita kanta. Gani ya kori ji. A kashe wakili na farko da gangan a ga ko na biyu ya ɗauka. A fita da ta tafi-da-gidanka waje a gwada ta.

In doka ta ƙi hawa, a tuna da jerin fifiko: dokar na'urar kanta ake fara karantawa, sai ta wuri, sai ta garke, sai ta rukuni, kuma in sun saɓa ta ƙarshe ke rinjaye. Sau da yawa wata tsohuwar doka ce da wani ya bari take taka sabuwar.

Bayan mako guda ba ƙara, sai a faɗaɗa sashe sashe. Kada a yi wannan ranar da ake shirya albashi, kada kuma a yi shi da yammacin ranar da za a tashi hutu. In an yi kuskure cikin doka ana iya janye ta, gama kwamfuta ba ta bi ta wakili wajen zuwa ga uwar garke, amma sai an jira har awa biyu kafin gyaran ya game ko'ina. Takardar jagora ma burauzoji sukan riƙe tsohuwarta na ɗan lokaci, saboda haka a ajiye kwafin wadda ke aiki kafin a taɓa ta.

Kulle wurin gyara a burauza ba shi ne tsaro na ainihi ba, domin mai wayo zai zo da wata burauza a ɗan sandan ajiya. Abin da ke tilasta bin wakili shi ne katangar tsaro ta ofis, in aka hana kowace na'ura fita ta ƙofa 80 da 443 sai wakili kaɗai. Amma wannan shi ne matakin ƙarshe. Kafin a rufe, a duba littafin katangar na 'yan kwanaki a ga waɗanne na'urori ne har yanzu ke fita kai tsaye. A nan ne akan gano injin buga takardu mai aika wasiƙa, da na'urar ɗaukar sa hannun ma'aikata, da sauran abubuwan da ba su san Dokar Rukuni ba. Kowanne a yi masa tanadi tukuna.

Shugaban ofis yana da nasa aiki a nan. Wakili yana rubuta wanda ya je ina da kuma yaushe, wannan littafi kuwa amana ne. Wajibi ne a sanar da ma'aikata a rubuce cewa ana ajiye shi, a ƙayyade wanda ke da ikon dubawa da tsawon lokacin da za a riƙe shi. A Nijeriya an sa hannu a kan Dokar Kare Bayanai a 2023, saboda haka a nemi shawarar lauyan ma'aikata kafin a fara.

Daga ƙarshe, ranar da za a janye tsarin. Abin da aka aika ta sashen Preferences ba ya gogewa don an share dokar kawai, yakan zauna cikin rajistar kowace kwamfuta kamar tsagar fuska, burauza ta ci gaba da neman wakilin da aka riga aka kwashe. Tun ranar rubutawa ana iya zaɓar Remove this item when it is no longer applied a shafin Common. In ba a yi haka ba, sai a rubuta wata doka mai share AutoConfigURL, a bar ta tana aiki har kwamfutocin waɗanda suka tafi hutu da na masu rangadi su dawo su karɓe ta, sa'an nan a kashe tsohon wakili.